Ranar Kebbe Koren Layi Yake Mutuwa

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. Ni ce 'yar fari a gidan Alhaji Nasiruddeen mai hatsi, a Tambuwal, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata Inna Marka, mahaifiyar Baba, wadda ɗakinta yake can ƙarshen gida kusa da rijiya. Ƙannena suna hawa kafaɗarsa, suna laluben aljihunsa. Ni kuwa in mun yi kiciɓis a tsakar gida sai in durƙusa in gaishe shi, shi kuma ya amsa wa bango, ko ya amsa wa butar da ke hannunsa. In dole ta sa zai ambace ni sai ya ce "yarinyar Inna". Umma ma haka take, har ta fi shi.

Duk abin da nake so a wurinsa Inna nake faɗa wa, ita ta kai, ita ta kawo amsa. Ta wannan hanya aka sa ni makaranta. Ta nan aka bar ni na tafi jami'a a Sakkwato karatun lantarki. Ta nan kwamfutata ta zo, a cikin jakar leda, babu wani bayani sai "wai a ba ki". Ban taɓa ganin aibin tsarin ba. Ni ma ba mai son magana ba ce, in aka dube ni da yawa harshena sarƙewa yake yi.

A daminar shekarata ta ƙarshe na dawo gida da aikin binciken da zan kammala karatu da shi. Kayan aikin ba su da yawa: farar eriya mai kama da murfin kwano, doguwar waya, da ɗan akwatin ƙarfe da bai fi gwangwanin kifi girma ba. Akwatin rediyo ne, amma babu abin murɗawa a jikinsa, ba ya kuma gane komai da kansa. Shi dai yana kwaso duk abin da ya faɗo kan eriya ya tura wa kwamfuta, manhajar da ke ciki ce take tacewa har ta ware muryar kowane tauraro. Taurarin ɗan'adam ɗin nan da wayar hannu take dogara da su ta nuna wa mutum inda yake, su nake saurare. Sababbin cikinsu suna aiko saƙo a kan mita biyu lokaci guda, kamar tashoshin rediyo biyu, ana ce wa ɗaya L1, ɗayar L5. Kafin saƙon ya iso ƙasa yana ratsa wata iska ta can sama da take ɗan jinkirta shi, kuma ba ta jinkirta biyun daidai wa daida. Wannan ɗan bambancin nake aunawa. A fuskar kwamfuta na mai da L1 layi kore, L5 layi shuɗi. Tare suke tafiya, suna ɗan hawa da sauka kamar numfashin mai barci.

Yaya Attahiru ne ya hau saman zaure ya ɗaura mini eriyar. Ɗan aminin Baba ne. Da mahaifinsa ya rasu Baba ya ɗauko shi yana ƙarami, a gidanmu ya girma, yanzu shi ke tuƙa a-kori-kurar Baba yana kwaso hatsi daga ƙauyuka. Kwano ɗaya suke ci da Baba. Baba ba ya shiga motar da ba shi ke tuƙi ba.

"Injiniya," ya ce daga sama, "wanga murfin kwano shi ka magana da taurari?"

"Ba shi magana, Yaya. Saurare kawai shika yi."

"To saurara mani, ki ji yaushe za ni aure."

"Taurari sun gaji da tambayarka," in ji Inna daga bakin murhu. "Sauko tun ba ka fasa muna rufi ba, ƙaton banza."

Ya sauko yana dariya, ya kakkaɓe gwiwoyinsa.

Kwanakin farko komai ya tafi daidai. Sai wata la'asar, ina zaune a ƙofar ɗakin Inna ina ɓarar gyaɗa, ido ɗaya a kan kwamfuta, na ga koren layi ya faɗi. Ba sauka ya yi a hankali ba. Faɗuwa ya yi kamar an tsinke igiyar guga. Duk taurarin L1 suka ɓace mini lokaci guda, shuɗin kuwa yana nan yana numfashinsa, ko gezau. Kafin in gama goge hannuna koren ya tashi da kansa.

Na kwance waya na sake ɗaurawa. Na hura ramukan akwatin. Na sake karanta duk abin da na rubuta a manhajar, layi bayan layi, ina neman inda na yi kuskure, domin na saba in abu ya lalace ni ce. Bayan 'yan kwanaki ya sake, wannan karon da safe, sannan da la'asar. Akwatin na sashenmu na jami'a ne, aro aka ba ni. Abinci ya daina shiga.

Daga ƙarshe na kira malamar da ke duba aikina, Dakta Mardiya. Sai da na maimaita gaisuwa sau biyu kafin na iya shiga maganar.

"Duka biyun ne suke faɗuwa?" ta tambaya.

"A'a, Dakta. Koren kaɗai."

"Buɗe hoton ƙarar da kika naɗa a lokacin. Me kike gani a daidai mitar L1?"

"Tudu, Dakta. Awa an zuba yashi, ya rufe komi."



"Akwatinki lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Da daga sama ne, da biyun sun ji a jikinsu. Wannan daga ƙasa yake, kuma kusa da ke. Akwai wani ɗan abu da ake sayarwa a ɓoye, kamar cazar waya ta mota, ana soka shi a ramin kunna sigari. Ihu yake yi a kan L1, ihun da kunne ba ya ji, don ya kurmantar da na'urar bin sawun mota. Masu arahar cikinsu ba su san da L5 ba, shi ya sa shuɗinki yake raye. Muhsina, a unguwarku wa ke da motar da aka sa wa na'urar bin sawu?"



"Kada ki tambayi kowa kai tsaye," ta ce a hankali. "Ki dai lura."

Mota ɗaya na sani. Bara, bayan an sace babbar motar wani maƙwabcinmu, Baba ya sa aka liƙa wa a-kori-kurarsa na'urar. Yana son ta ƙwarai. Yakan zauna a zaure yana nuna wa baƙi ɗan ɗigon da ke rarrafe a fuskar wayarsa, ga shi ya wuce Jabo, ga shi ya shiga Sanyinna. Ƙorafinsa ɗaya ne, kuma daga tsakar gida na sha jin sa: ranar da mota ta yi hanyar Kebbe ɗigon ba ya motsi, sai ya yi toka-toka ya tsaya a ƙofar gida har yamma. "Hanyar Kebbe babu sabis," Baba yakan ce, kowa ya gyaɗa kai. Wa bai san haka ba?

Lokacin dawa ta yi tsawo, ta kai inda mai babur zai shiga gona ba a hango hularsa ba. A irin wannan lokaci mutane sukan rage murya in za su yi zancen hanyar Kebbe. Ba a faɗin sunan waɗanda ake tsoro, "mutanen daji" kawai ake cewa, a waiwaya. A daminar nan an ɗauke wani mai sayar da taki, an ɗauke wani malami da ɗansa. Matan da ke zuwa ɗibar ruwa a rijiyarmu suna cewa ba a tare kowa da kowa, wanda aka san da tafiyarsa ake tarewa.

Na lura, kamar yadda Dakta ta ce. Ranar da mota za ta Jabo, ko Sanyinna, ko Sakkwato, Yaya Attahiru yana tayar da ita a ƙofar zaure koren layi ko motsi ba ya yi. Ranar Kebbe kuwa, yana murɗa makulli layin yake faɗuwa, ba ya tashi sai ƙarar ta yi nisa. Da la'asar in zai dawo, layin yakan riga kunnena. Sai in ga ya fara rawa, ya durƙushe, sannan can in jiyo ƙarar injin daga kan kwana. Har na kai in na ga ya faɗi nakan ce wa Inna, "Ga Yaya nan," ita kuma ta ce na fara duba.

Wata ranar Kebbe Inna ta aike ni in ɗauko mata daddawar da ta ba Yaya Attahiru sallahu, ya ce tana gaban mota. Yana masallaci. Na buɗe ƙofar, na ɗauki ƙullin, sai idona ya faɗa cikin ɗan aljihun da ke gefen giya. Wani baƙin abu ne a ciki, bai fi babban yatsa ba, da 'yar gajeriyar wutsiya a kansa. Babu ramin da za a sa igiyar caji a jikinsa. Ban taɓa shi ba. Da na zagayo ta baya na leƙa inda ake ɗora kaya. Buhunan shinkafa biyu ne kawai a kwance, amma wurin yana warin fetur, kuma a kan ƙurar ƙasan akwai zanen gindin jarkoki, a jere, masu yawa. A kusurwa ledojin burodi ne a dunƙule, babu komai a ciki. Fetur da burodi, irin abin da aka ce ake kai wa mutanen daji.

Na koma ciki ina tafiya a hankali, don ƙafafuna suna so su yi gudu.

A ranar ne Inna ta ba ni labari, tana murza daddawa a miya. Wai akwai wani mutum gaba da garin Kebbe mai rumbunan shinkafar bara, yana so ya sayar gaba ɗaya, amma ya ce ba ya ciniki da ɗan aike, sai ya ga Alhaji ido da ido. Attahiru ne ya kawo saƙon, ya kuma sake kawowa. Baba ya amince. Jibi za su tafi, su biyu.

"Inna," na ce, "kada ki bari shi tafi."

"Wa?"

"Baba."

Ta aje ludayi. Na faɗa mata komai, layukan, baƙin abin, jarkokin, ledojin burodi. Ina magana ina sarƙewa, ina komawa baya in gyara. Ta bar ni na gama.

"Attahiru," ta ce. "Attahirun da na yi ma jinyar ƙyanda da hannuna? Wanda ya kwana bayana shina kukan ubanshi?"

"Shi, Inna."

"Ke dai littafi ya cika maki kai. Yo mai mota ba shi sayen mai? Ba shi cin burodi?"

"Inna, don Allah ki gaya mashi yadda na faɗa maki. Yadda na faɗa, kada ki rage."

"Kin ji mani ɗiya. Ni za ki koya ma kai saƙo? Tun kina cikin zane nika kai naki."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya ba ni tsoro ke nan. Inna ba ta taɓa kai saƙo yadda aka ba ta shi ba. Takan zare masa ƙaya tukuna, ta shafa masa mai, shi ya sa duk abin da ta kai ake karɓa. Lokacin da na ce ina son jami'a ko in mutu, abin da ya isa kunnen Baba shi ne yarinyar tana sha'awar ƙarin karatu in an ga ya dace.

Washegari da hantsi Baba ya shigo gaishe ta, kamar kullum. Na shige bayan labule, kamar kullum. Abin da ban zata ba shi ne takun mutum na biyu. Yaya Attahiru ne ya biyo shi da buhun gero a kafaɗa, ya sauke a bakin ƙofa, ya tsuguna yana gaisuwa. Na riƙe labulen ina roƙon Inna a zuciyata ta jira ya fita. Ba ta jira ba. A wurinta Attahiru ɗan ɗaki ne, kuma ina jin ta ga ya fi mata sauƙi ta mai da abin wasa.

"Yarinyar nan ta ce motarku na damun injinta," ta ce. "Wai akwai wani abu cikinta mai ihu da ba a ji. Wai ranar Kebbe shika yi."

Baba ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Ka ji, Attahiru. Ka riƙa aje ta can bakin masallaci, kada mu ɓata ma mutane karatu."

"To, Alhaji," in ji Yaya Attahiru. Shi ma ya yi dariya, amma tasa ta ɗan makara.

Da azahar Inna ta shiga maƙwabta barka. Ina zaune gaban kwamfuta sai hasken ƙofa ya ragu. Yaya Attahiru ne a tsaye, hannu ɗaya a kan dokin ƙofa.

"Injiniya. Ashe kunnenki ya kai mota."

"Wataƙila waya ta ta sassauta, Yaya."

Ya sunkuyo yana kallon layukan. Ina jin warin mai a rigarsa.

"Wane na nawa, koren ko shuɗin?"

"Babu naka."

"Abin da tat ji, tana aje shi? Ko wucewa shika yi?"

Na dubi yatsun ƙafata.

"Damina ta," ya ce, muryarsa a sanyaye. "Tsawa ta yi yawa bana. Ƙarfe bisa rufi ba shi da kyau, ga tsohuwa cikin gida. In hau in sauko maki da shi?"

"Dakta ta ce kada a taɓa."

"Dakta ta ce." Ya ɗauki gyaɗa ɗaya daga faifaina, ya ɓare, ya jefa a baki. "To. Allah shi tsare."

Da ya fita na je wurin Umma. Tana tankaɗe. Ina fara cewa "Maganar tafiyar gobe," ta juya mini gefe ta ce wa rariya, "A gaya wa Inna." Na koma na jira Inna, na sake roƙonta. Ta fusata.

"Na kai, ya ji, ya ba da amsa. Mi kika so kuma? In ce ma ɗana yaron da ya rena zai sayar da shi, saboda zane ya faɗi cikin talabijin?"

Amma da la'asar na ga ta daɗe a kan sallaya fiye da yadda ta saba.

Ina da lambar Baba a wayata tun ranar da na mallaki waya. Ban taɓa danna ta ba. Kafin magariba na shiga bayan ɗaki na danna. Ta yi ƙara, aka ɗauka.

"Alhaji na alwala," in ji muryar. "Injiniya, ke ta?"

Na kashe.

Gari ya waye da hadari a gabas, bai sauko ba, bai kuma wuce ba. Na kunna kwamfuta tun kafin a ɗora koko. Layukan biyu suna tafiyarsu. Na ce wa kaina ai yanzu Yaya Attahiru ya san an gane, ba zai sa baƙin abin ba. In bai sa shi ba, ɗigon zai bi su a wayar Baba, ƙila ma ni ce na ƙulla abin da babu shi. Ina jiyo muryoyin maza a zaure, maƙwabta sun zo yi wa Baba Allah ya kiyaye hanya. Muryar Malam Ɗangiwa, ladaninmu, ta fi ta kowa tashi.

Can daga wajen masallaci na ji an tayar da mota. Koren layi ya yi rawa. Ya ɗan sauka. Ƙarar tana matsowa yana ƙara sauka, har ta tsaya a ƙofar gidanmu, ya kwanta a ƙasa ɗam.

Ya san na sani, kuma duk da haka ya soka shi. Ke nan yau yana buƙatarsa fiye da yadda yake tsorona.

Ban tuna lokacin da na zura hijabi ba. Na dai tuna Inna ta ce "Ina za ki?", da sanyin ƙasar tsakar gida a tafin ƙafata, don ban tsaya neman takalmi ba. Na ratsa zaure ta tsakiyar maza. Wani ya janye ƙafarsa. Baba yana bakin mota, ya riga ya sa ƙafa ɗaya ciki, yana tattare babbar rigarsa.

"Baba."

Injin kaɗai ke ƙara.

"Baba, kada ka shiga."

Bai dube ni ba. Ya dubi tayar gaba.

"Ku ce ma yarinyar Inna ta koma ciki."

"Ke, ke," in ji Malam Ɗangiwa a bayana, "ba ki da kunya? Wa ya koya maki wanga?"



"Baba, da kai nika magana. Ni ta, Muhsina. Duba wayarka. Ga mota gabanka, cikin Tambuwal, inda sabis ya cika. Duba ka ga ina tac ce motar take."

"Alhaji, rana na yi," in ji Yaya Attahiru daga ciki. "Mutumin na jira."

Baba ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Kunnuwansa sun yi ja. Na ɗauka zai shige ya rufe ƙofa, don abin da na yi masa a gaban mutane ya isa. Sai hannunsa ya tafi aljihu a hankali. Ya ciro wayar, ya nisanta ta da idonsa yadda yake yi in babu tabarau. Daga inda nake ina hango ɗigon. Toka-toka, a tsaye bakin masallaci, inda babu mota.

Ya daɗe yana kallo. Sannan idonsa ya sauka kan baƙin abin da ke gefen giya, da 'yar jar wutarsa.

"Wanga mi na?"

"Caza ta, Alhaji."

"Ina igiyarta?"

Baba bai miƙa hannu ya zare abin ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya waiwayi mazan da ke ƙofar zaure suna miƙa wuya. Ya janye ƙafarsa daga motar, ya saki rigarsa.

"Cikina ba shi da daɗi yau," ya ce. "Ka ba mutumin haƙuri."

"Alhaji, ya ce sai kai."

"Na ji."

"Sai kai, Alhaji. In na tafi ni ɗaya..."

Bai ƙarasa ba. A lokacin na ga fuskarsa sosai. Zufa ce a goshinsa da sanyin safiyar nan, hannuwansa sun damƙe sitiyari har jijiyoyin sun tashi. Ban san ranar da ya fara jin tsoro ba, amma ya riga ni.

Baba ya sunkuya ta taga, ya rage murya. Ni kaɗai na ji, don ni ce kusa.

"To kashe mota. Shigo mu sha koko. Duk abin da ke akwai, cikin gida za mu yi shi."

Yaya Attahiru ya dubi makulli. Ya dubi hanya. Ya dube ni, kallon da har yau ban san ma'anarsa ba. Sai ya sa giya. Ƙofar da Baba ya bari a buɗe ta rufe kanta da motar ta zabura, ya sha kwana bai ko danna ham ba.

Baba ya wuce ta gefena kamar ba ni a wurin. A cikin zaure ya ce wa bango, "A riƙa sa sakata." Malam Ɗangiwa ya tafi yana cewa boko ta gama da 'ya'yan mutane. Inna tana tsaye a bakin tsakar gida, ashe ta biyo ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni ɗaki, hannunta ya fi nawa sanyi. A fuskar kwamfuta koren layi ya riga ya tashi.

Yaya Attahiru bai dawo da la'asar ba. Wayarsa a kashe. Ɗigon bai sake barin bakin masallaci ba. Baba ya kai maganar inda ake kaiwa, aka yi masa tambayoyi, aka ce za a bincika. Wasu da aka aika gaba da Kebbe sun dawo sun ce babu wanda ya san mai rumbunan shinkafar nan. A gidanmu aka daina ambaton Attahiru, amma Inna ba ta daina zuba tuwon mutum biyu a kwanon zaure ba, kullum rabi yake dawowa.

Baba ya daina fita ƙauyuka. Ya kuma tsiri wani abu: bayan la'asar sai ya zo ya zauna a tabarma ƙofar ɗakin Inna, ya ba ni baya, ya ce wai ya zo shan iska.

"Inna, tambaye ta, koren na nan?"

"Shina nan," nakan ce, ba na jiran Inna. Shi kuma ya gyaɗa wa rijiya kai.

Ranar da aka fara yankan gero a gonakin bayan gari yana zaune haka, Inna tana gyangyaɗi, na ga layin ya yi rawa. Na ɗauka idona ne. Ya sauka, ya ƙara sauka. Shuɗin yana ta numfashinsa. Na kasa kunne ban ji mota ba. Sai can na jiyo babur, yana tahowa a hankali, a hankali fiye da yadda masu babur suke tafiya a layinmu. Ya zo daidai zaure ya tsaya. Ba a kashe shi ba. Ba a yi sallama ba. Ko wane ne, irin baƙin abin nan yana tare da shi.

"Baba," na ce.

Ya riga ya miƙe.

"Muhsina, kama hannun Inna ku shige ciki."

Na sha tunanin yadda sunana zai fito daga bakinsa. Ban taɓa zaton zan ji shi a irin wannan lokaci ba. Na ja Inna muka shiga, amma ban saki labulen duka ba. Ina ganin Baba a tsakiyar tsakar gida, hannu sake, yana fuskantar ƙofar zaure da sakatarta. Ina ganin kwamfutar a kan tabarma, layin a kwance. Babur ɗin yana ta ƙara a waje. Akuyar Inna ta daina tauna.

Sai aka ba shi wuta, ya ja gaba. Ƙarar ta yi ta raguwa ta wajen hanya. Layin ya ɗaga kai, ya yi rawa, ya koma gefen ɗan'uwansa.

Baba bai je ya leƙa waje ba. Ya dawo, ya jawo tabarmarsa kusa da tawa, ya juyo da fuskarsa wajen kwamfutar. Ya laluba aljihu ya sa tabarau.

"Fito," ya ce. "Nuna mani yadda aka duba shi."